Labarin Tsoka a Gindin Farce: Tarihin Gano Ciwon Kumburin Fata da Tsoka na Yara

GABATARWA

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, watau abin da ke ɓoye a ciki yakan bar alama a waje ga wanda ya san inda zai duba. Tarihin da wannan lacca za ta bi ya yi daidai da wannan magana, domin labari ne na wata cuta da ke cin tsokar yara daga ciki, amma take barin sawunta a wani ɗan wuri da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, wato fatar nan ta gindin farce.

Cutar ita ce likitoci ke kira damatomayosaitis ta yara, ma'anar sunan kuwa kumburin fata da tsoka. Ba cuta ce mai yawa ba. Ƙididdigar da aka buga a Ingila a 1995 da wadda aka buga a Amurka a 2003 sun nuna cewa cikin kowane yara miliyan ɗaya, 2 zuwa 4 take kamawa a shekara. 'Yan mata sun ninka maza, kuma ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Ba a ɗaukarta daga wani. Garkuwar jikin yaron ce da kanta ke juyowa ta far wa jikinsa.

Maƙasudin laccar shi ne ta nuna yadda hanyoyin bincike biyu, waɗanda suka daɗe kowace na tafiyarta, suka zo suka haɗu. Ta farko ita ce ta neman ganin ƙananan jijiyoyin jini da ido. Ta biyu ita ce ta gane ainihin abin da cutar take ci a jikin yaro. Daga ƙarshe za a duba amfanin wannan haɗuwa ga ƙauye irin Mairuwa da maƙwabtansa na ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

NEMAN MAHAƊAR JINI

Fiye da shekara dubu likitocin Gabas da na Yamma suna bin ra'ayin Jalinusu, wanda ya ce jini na ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ke jikin bangon da ya raba su. Ibnun Nafis, mutumin Dimashƙu da ya yi aikin likita a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, shi ne ya musanta wannan a cikin sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun na Ibnu Sina. Ya ce bangon ba shi da ƙofa, jinin ta huhu yake bi, kuma lalle akwai wasu ƙananan mashigai a cikin huhun tsakanin jijiyar da ke kawo jini da wadda ke ɗauke shi. Hankali ne ya kai shi nan, domin babu abin da zai gan su da shi a zamaninsa.

A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna da lissafi cewa jinin da zuciya ke turawa cikin rabin sa'a ya fi dukan jinin da ke jikin mutum yawa, saboda haka tilas jini ɗaya ne ke kewayawa yana komowa. Amma shi ma ya rasu a 1657 bai ga mahaɗar ba. Shekara huɗu bayan haka, a 1661, Marcello Malpighi na Italiya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, sai ga wata saƙa ta siraran jijiyoyi ta haɗa manyan jijiyoyin nan biyu. Gashin kan mutum ya fi kowace ɗaya daga cikinsu kauri kusan ninki goma, har ƙwayoyin jini ba sa iya wucewa ta ciki sai ɗaya bayan ɗaya. A nan ne jini ke sauke iska da abinci ga naman jiki, ya kwashe dattinsa. Daga baya August Krogh na Denmak ya nuna cewa tsoka cike take da waɗannan jijiyoyi, suna buɗewa in tana aiki, da yawansu kuma suna rufewa in ta huta. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar Nobel a 1920.

ƊIGON MAI A GINDIN FARCE

Ganin jijiyoyin a huhun kwaɗo daban, ganinsu a jikin mutum mai rai daban. Fata tana warwatsa haske, mai dubawa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinta. A 1912 wani malamin ilmin aikin jiki ɗan Amurka, Warren Lombard, ya bayyana wata dabara mai sauƙi: in aka ɗiga mai garai-garai a kan fata, sai ta zama kamar gilashi, a ga jijiyoyin da ke ƙasa. Wurin da ya fi dacewa da wannan shi ne gindin farce, kuma da dalili. A sauran jiki jijiyoyin a tsaye suke, kansu kaɗai ake hangowa kamar ɗigon jan tawada. A gindin farce kuwa a kwance suke, sun jeru kamar haƙoran mataji, kowace ta tafi ta lanƙwaso ta dawo kamar zaren da aka ninka biyu, har ana iya ganin jini na gudana a ciki.

Otfried Müller na jami'ar Tubingen ta Jamus ya buga wani babban littafi a 1922 mai ɗauke da zane-zane masu launi na siffofin jijiyoyin a jikin masu lafiya da marasa lafiya. A 1925 kuma George Brown da Paul O'Leary na asibitin Mayo a Amurka suka nuna cewa masu ciwon ƙandarewar fata, wanda ake kira sikilerodama, jijiyoyinsu kan ragu, waɗanda suka saura kuma su kumbura su yi girma. Sai dai a wannan zamanin wasu sun wuce gona da iri, suna neman karanta hankalin mutum da halinsa daga gindin farcensa. Da abin ya kasa tabbata, sai likitoci da yawa suka yi watsi da dabarar baki ɗaya, ta kusan shekara arba'in tana kwance.

CUTAR DA AKA ƊAUKA TA TSOKA CE

Hanya ta biyu ta faro ne daga Jamus. Ernst Wagner na Laifzig ya bayyana wani ciwo mai kumbura tsokoki a 1863. Heinrich Unverricht ya lura cewa ciwon na tafiya tare da ƙurajen fata, shi ne kuma ya raɗa masa sunan damatomayosaitis a 1891. A farkon shekarun 1930 Heinrich Gottron ya siffanta ƙurajen da ke fitowa a bayan gaɓoɓin yatsu, waɗanda har yau ake kira da sunansa.

Ga yadda ciwon kan zo wa yaro. A hankali yake shigowa, cikin makonni ko watanni. Yaron da aka sani da guje-guje sai ya koma gajiya da ƙyuya da yawan kuka. Tsokokin cinya da ƙugu da kafaɗa da wuya su ne ke fara rauni, dama da hagu daidai wa daida. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya riƙa bin cinyoyinsa da hannu har ya miƙe. Yarinya takan kasa ɗaga hannu ta tsefe kanta. Fatar ido takan kumbura ta yi launin shunayya, bayan yatsu da gwiwar hannu su yi ƙuraje masu kaushi, rana kuma tana tsananta su. In abin ya yi nisa, murya takan koma ta hanci, haɗiya ta yi wuya, abinci ya riƙa sarƙe yaro.

Ƙarshen irin waɗannan yara a da abin tausayi ne ƙwarai. Wani nazari da Bitnum da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1964 ya tattara labarin yaran da suka kamu kafin a sami magani: kashi ɗaya cikin uku sun mutu, kashi ɗaya sun nakasa har abada, kashi ɗaya ne kawai suka warke. Da yawa daga cikin waɗanda suka nakasa gaɓoɓinsu sun ƙage, wani farin abu kamar alli, watau sinadarin kalsiyam, ya daskare musu a ƙarƙashin fata yana fasowa waje. Samuwar maganin kotizon, wanda Philip Hench ya fara gwadawa ga mai ciwon gaɓoɓi a 1948, ya rage mace-macen, amma bai amsa tambayar da ke gaban likitoci ba: in ciwon na tsoka da fata ne, me ya sa wasu yaran ke mutuwa da aman jini da hudewar hanji?

AMSAR BANKER DA VICTOR

A 1966 likitoci biyu na Amurka, Betty Banker da Maurice Victor, suka buga sakamakon binciken gawawwakin yaran da ciwon ya kashe. Duk inda suka duba, a tsoka, da fata, da kitse, da hanji, da jijiyoyin motsi, abu ɗaya suka tarar: rufin cikin ƙananan jijiyoyin jini ya kumbura, hanyar ta ƙuntata ko ta toshe, naman da jijiyar ke ciyarwa kuma ya mutu. A hanji wannan shi ke zama gyambo, gyambon ya hude. Saboda haka a kan takardar tasu suka kira ciwon cutar jijiyoyin jini ta jiki duka.

Wannan ya juya fahimtar cutar gaba ɗaya. Tsoka a dam-dam take, kamar an ɗaure zare da yawa wuri ɗaya, kuma an daɗe ana ganin cewa zaren da ke gefen kowane dami su ne ke fara ramewa. Duk manomin rani ya san misalin wannan: in ruwa ya ragu a magudana, fangalin ƙarshe shi ke fara bushewa. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 1986 John Kissel da abokansa suka gano wasu sinadaran garkuwar jiki, waɗanda aikinsu na asali huda ƙwayoyin cuta ne, sun taru a bangon ƙananan jijiyoyin tsoka. A 1990 Alison Emslie-Smith da Andrew Engel na asibitin Mayo suka ƙirga jijiyoyin a naman da aka yanko, suka nuna cewa suna fara ɓacewa tun tsokar kanta ba ta nuna lalacewa ba. Daga 2002 zuwa gaba kuma aka gane cewa wani sinadari mai suna intaferon, wanda jiki ke fitarwa don yaƙar ƙwayoyin bairos, yana yawaita fiye da kima a jikin waɗannan yara, yana cutar da jijiyoyin da zaren tsokar duka biyu.

HANYOYIN BIYU SUN HAƊU

Tun da ciwon na ƙananan jijiyoyi ne, kuma akwai wuri guda a jiki da ake ganin waɗannan jijiyoyi ba tare da yanka ba, ai sai a koma wa dabarar Lombard. Hildegard Maricq da Carwile LeRoy su ne suka farfaɗo da ita a 1973, inda suka ɗauki hotunan gindin farce baki ɗayansa, suka nuna cewa sikilerodama da damatomayosaitis suna da siffa tasu da ta bambanta da ta sauran cututtuka. Abin mamaki, da Anthony Bohan da James Peter suka tsara sharuɗɗa biyar na gane ciwon a 1975, watau raunin tsoka, da ƙurajen fata, da gwajin jini, da gwajin tsoka da lantarki, da yanko ɗan naman tsoka, ba su sa gindin farce a ciki ba.

A 1982 ne George Spencer-Green da William Crowe da Joseph Levinson na asibitin yara na Sinsinati suka gwada abin a kan yara. Suka tarar yaran da jijiyoyin gindin farcensu suka fi lalacewa su ne waɗanda jijiyoyin tsokarsu suka fi toshewa, kuma su ne ciwon ya fi daɗewa a jikinsu ya fi tsanani. A 1989 Richard Silver da Maricq suka bi wasu yara na tsawon lokaci, suka ga siffar tana canzawa tare da ciwon: ta munana in ya tashi, ta gyaru in ya kwanta.

Mafi yawan aikin da ya biyo baya an yi shi ne a Shikago, ƙarƙashin Lauren Pachman. A 2004 ƙungiyarta ta nuna cewa raguwar jijiyoyin tana tafiya tare da tsananin ciwon fata. A 2008 suka bi yara har wata 36, suka ga cewa gwargwadon daɗewar da yaro ya yi bai sami magani ba, gwargwadon asarar jijiyoyin da yake yi, kuma waɗanda aka kama ciwonsu da wuri su ne jijiyoyinsu suka fi saurin tsirowa. A wannan shekarar dai suka gano wani abu mai amfani ga mai ba da magani: yaron da jijiyoyin farcensa suka ragu ƙwarai, hanjinsa ba ya tsotsar ƙwayar maganin firedinisolon yadda ya kamata, don haka ta jijiya ya fi dacewa a fara ba shi. Ashe abin da Banker da Victor suka gani a hanjin matattu ana iya tsinkayo shi a yatsan mai rai. A 2011 likitocin Toronto ta Kanada suka ƙara da cewa yawan jijiyoyin yana hawa da sauka tare da ciwon tsoka ma. A 2017 kuma ƙwararrun likitocin yara na Turai suka sa duban gindin farce cikin abubuwan da ya kamata a yi wa duk yaron da ake zato yana da ciwon.

ABIN DA AKE GANI DA IYAKARSA

Yadda ake yin duban ba shi da wuya. Yaro zai zauna kamar minti 15 a ɗaki mai ɗumi, domin sanyi na tsuke jijiyoyin. A ɗiga mai a gindin faratan yatsu takwas, ban da manyan yatsu biyu, a haska, a duba da madubi. Ga mai lafiya akan ga jijiyoyi 7 ko fiye a cikin milimita ɗaya, a jere, kai ɗaya. Ga mai ciwo kuwa akan ga abu huɗu. Na farko, giɓi a cikin jerin, kamar kunyar da shuka ta ƙi tsira a wasu gurabe, har adadin ya sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka. Na biyu, wasu jijiyoyin sun kumbura sun zama ƙatti. Na uku, ɗigo-ɗigon jini da ya tsiyaye ya bushe. Na huɗu, sababbin jijiyoyi masu rassa kamar sabara, waɗanda jiki ke tsirarwa don cike giɓin. Wani lokaci akan ga irin wannan kumburin jijiya a dasashi ma.

Sai dai alama ce, ba hukunci ba. Irin wannan siffa tana fitowa a sikilerodama da wasu 'yan'uwanta, kuma akwai masu ciwon da gindin farcensu bai nuna kome ba. Dole a haɗa ta da ƙarfin tsoka da ƙurajen fata da gwajin jini kafin a yanke magana. Fa'idarta ita ce ba zafi, ba yanka, ba kuɗi mai yawa, kuma ana iya maimaita ta duk zuwan yaro asibiti. Da irin wannan sa ido, da kuma haɗa firedinisolon da metotireksat, wanda wani babban gwaji na yara 139 da aka buga a 2016 ya nuna ya fi firedinisolon shi kaɗai, mace-mace a ƙasashen da ke da kayan aiki sun sauko daga kashi ɗaya cikin uku zuwa ƙasa da 3 cikin 100.

DAGA SHIKAGO ZUWA MAIRUWA

An taɓa ɗauka cewa irin waɗannan cututtuka na Turawa ne. Rahotannin Afirka sun rushe wannan zato. Likitocin Johanasbag a 2014 da na Kef Tawun a 2016 sun bayyana yaran da suka duba, kuma duka biyu sun lura da yawan daskarewar alli a ƙarƙashin fata, abin da aka san yana tafiya tare da jinkirin samun magani. A Legas ma Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun buga labarin wata yarinya mai ciwon a 2014. A 2019 aka kafa ƙungiyar likitocin Afirka masu kula da cututtukan gaɓoɓi da tsoka na yara.

Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, kusan rabinsu yara. In aka auna da ma'aunin Ingila da Amurka, wannan na nufin yara 5 zuwa 10 a kowace shekara, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Wasu daga cikin waɗannan yara tilas a ƙauyuka suke, a wurare irin Mairuwa da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, inda asibitin ƙwararru mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

Abubuwa da dama na iya ɓoye ciwon a irin wannan wuri. Yaro ya rasa ƙarfin ƙafa, abin da ke fara zuwa zuciyar iyaye shi ne shan-inna, ko kuwa a ce iska ce. Alhali shan-inna farat ɗaya yake zuwa, da zazzaɓi, galibi ya fi kama ƙafa ɗaya, wannan kuwa a hankali yake zuwa ya kama ɓangare biyu. Launin shunayya da littattafan Turai ke siffantawa a fatar ido, a baƙar fata duhu kawai yake yi, sai a ɗauka ƙyasbi ne ko ƙunar rana. Duhun fata yana rage ganin jijiyoyin, ko da yake yatsa na huɗu da ƙaramin yatsa sun fi nunawa. Lalle yana rufe gindin farce, kuma 'yan mata ne ciwon ya fi kamawa. Mai yankan farce yakan kankare fatar wurin da aska, aikin gona ma yakan ji mata rauni, duka biyu suna barin ɗigon jini mai kama da na ciwo, saboda haka sai a dakata makonni biyu ko uku a sake dubawa. Sanyin hunturu yana tsuke jijiyoyin. Ƙwayoyin dangin kotizon da ake saye a kemis ba da umarnin likita ba sukan danne alamun na ɗan lokaci, ciwon kuwa na nan yana ci.

Amma kuma ƙasar tana da abin da za ta dogara da shi. Yaƙin da aka yi da shan-inna, wanda ya kai ga shelar kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, ya bar ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma waɗanda aka horar su kai rahoton duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓoɓinsa suka saki. Yaran da aka gwada aka tarar ba shan-inna ba ne, a cikinsu ne ya kamata a nemi wannan ciwo. Kayan duban kuma ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Fitilar duba ido da kowane ɗalibin likita ke koyon riƙewa tana nuna manyan canje-canjen in an ɗiga mai, haka kuma ƙaramin madubin duba fata da ake maƙala wa wayar hannu, wanda ke ba da damar a ɗauki hoto a tura wa ƙwararre a Shika ko Kano.

KAMMALAWA

Daga hasashen Ibnun Nafis zuwa huhun kwaɗon Malpighi an yi shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Daga ɗigon man Lombard zuwa yaran Sinsinati an yi shekara 70. A tsakanin nan ciwon da aka ɗauka na tsoka ne ya tabbata na ƙananan jijiyoyin jini ne, kuma binciken Shikago ya nuna cewa tsawon watannin da yaro ya yi ba magani yana cikin manyan abubuwan da ke yanke yadda ƙarshensa zai kasance. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya rage ga makarantun koyon aikin likita da na ma'aikatan lafiya a Arewa shi ne su sa wannan ɗan duba cikin abin da suke koyarwa, ta yadda in aka kawo yaro mai dafa gwiwa kafin ya tashi, ma'aikacin asibitin ƙauye zai duba fatar idonsa da bayan yatsunsa, ya ɗiga mai a gindin farcensa, ya rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a ranar.